JAKARA: SUNA LINZAMI NE

Jama'a, a wannan mako filinmu zai ajiye maganar iri da taki, ya gangara bakin ruwa. Ba kuwa wani babban kogi za mu ba, ba Kwara ba, ba Binuwai ba. Jakara za mu, 'yar ƙoramar nan da ta ratsa birnin Kano, wadda yau in mutum ya zo ƙetare ta sai ya kai hannun riga ga hanci. Na san wani zai ce, "To, ina ruwan manomi da lambatu?" Ruwansa kuwa da yawa, gama da wannan ruwa ne ɗaruruwan masu lambu ke ban ruwa rani duka, abin da suka shuka kuwa shi ke zuwa kasuwa, ya shiga tukwanenmu.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Jakara ba suna ɗaya gare ta ba. Tun daga cikin birni har inda aka datse ta, kowace gaɓa da abin da mutanen wurin ke kiranta, ko kuwa abin da suke kiran unguwar da ke bakinta. Yawancin sunayen nan ba hukuma ce ta raɗa su ba, ba a yanka musu rago ba. Mutanen da suka zauna da ruwan, suka ga halinsa rani da damina, su suka laƙaba. Abin da nake so in tabbatar muku yau shi ne, sunayen nan shaida ne. Sun gaya mana inda ruwa ke bi, da inda yake kwana, da inda mai kyau ke gamuwa da mugu. Hasarar da muke yi a kan wannan ruwa kuwa, ta manomi da ta ɗan kasuwa, rabinta daga ƙin jin wannan shaida ta taso.

HANYAR DA TA BI

Domin wanda bai san Kano ba, bari mu fara da hanyar. Birnin yana zaune ne a kan tudun da ya raba ruwa biyu. Abin da ya sauka a kudancin gari yana gangarawa Kogin Calawa. Abin da ya sauka a arewaci kuwa Jakara ke kwashewa. Ta taso daga cikin ganuwa ta wajen yamma, ta bi ta gefen Kasuwar Kurmi, ta fita birni ta gangara Fagge, ta bi ta bayan Sabon Gari, ta ratsa hanyar filin jirgin sama, sa'an nan ta miƙe arewa maso gabas. A hanya wata ƙorama mai suna Getsi ta zo ta faɗa mata. Can a ƙasar Minjibir aka datse ta a Wasai. A cikin gari an ɗaure gefunanta da siminti, har ta koma kamar ginanniyar hanyar ruwa, a wasu wuraren ma an rufe ta an shimfiɗa titi a kai. Amma ba mutum ne ya tona ta ba. Ta riga ganuwa, ta riga kasuwa, ta riga sarauta.

KURMI DA BAƘIN RUWA

Tsohon littafin nan na Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, wani Bature mai suna Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, ya ambaci Jakara tun a labarin Barbushe da mutanen Dala, watau tun kafin zuwan Bagauda. A wannan littafi Jakara ba lambatu ba ce. Kurmi ne mai duhun itatuwa da ruwa a tsakiyarsa, ana kuma ce da shi Kurmin Baƙin Ruwa. Mutanen wancan zamani suna jin tsoron wurin ƙwarai, suna duban sa don su san ko wata masifa na tafe wa gari, suna kuma yi masa yanka. Wannan al'ada ta wuce tuntuni, ba ita muke nema ba. Abin lura shi ne, wurin da mutane ke girmamawa haka ba wurin zubar da shara ba ne.

Kada mai karatu ya ji an ce baƙin ruwa ya yi saurin cewa ashe tun can ruwan ƙazanta ne. A'a. A bakin Bahaushe baƙin ruwa shi ne ruwa tsantsa wanda ba a dama kome a ciki ba, shi ne wanda ake miƙa wa baƙo kafin a kawo fura. Ruwa mai zurfi kuma a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa, ai baƙi yake bayyana ga ido ko da ya kai garau. Yau fa? Yau Jakara baƙin ruwa ce ta gaske, baƙi irin na zuma, ba inuwa ba itace. Sunan bai sake ba, ma'anarsa ce muka juya da hannunmu.

Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwa a wannan wuri. Kurmin ya tafi, amma ya bar wa kasuwa sunansa. Duk ɗan kasuwar da ya ce yau, "Zan tafi Kurmi," yana ba da shaida ne, ko bai sani ba, cewa inda rumfarsa take dā dajin bakin rafi ne. Har wa yau kuma akwai unguwa a wajen da ake kira Bakin Ruwa, wannan karo ba ƙugiya a kan harafin, watau gefen ruwa. Akwai kuma Kwarin Mabuga, inda sunan ya haɗa abu biyu: kwari ne, kuma wurin masu bugun rini ne, waɗanda ke buga baƙaƙen turkudi da riguna a kan gungume har su yi ƙyalli. Kun ga ke nan sana'ar Kano da cinikinta a bakin wannan ruwa suka girma.

ABIN DA BAƘI SUKA GANI

Kyaftin Kilafaton, Baturen Ingila wanda mutanenmu suka sani da Abdullahi, ya shigo Kano a 1824. Ya tarar da babbar fadama ta kusa raba birnin biyu, kasuwa kuma tana ci a kan wani ɗan tudu da ya ratsa ta, wanda ruwa kan shafe da damina. Ya ga agwagi da sauran tsuntsayen ruwa a ciki. Dokta Barth, Bajamushe, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarimu, ya zo a 1851, shi ma ya tarar da ita, ya kuwa sa ta a taswirarsa ta birni. Dukansu biyu sun ƙiyasta mutanen garin wajen dubu talatin, ko sama da haka kaɗan.

Gaskiya ɗaya ce, dukansu ba su yabi tsabtar wurin ba. Tun a wancan lokaci ƙazantar gidaje tana gangarawa cikin fadamar. Saboda haka ba za mu ce kakanninmu mala'iku ne ba. Amma ku dubi bambancin. Na farko, ƙazantar mutum dubu talatin daban, ta miliyoyi daban. Na biyu, ƙazantar dā mai ruɓewa ce. Marini da baba da toka yake aiki, majemi da bagaruwa. Duk daga ƙasa suka fito, ƙasa kuwa ta san yadda za ta cinye su. Na uku, fadamar nan da kududdufan da aka haƙa don ginin gidaje da ganuwa su ne randunan gari. In an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, su ke riƙe shi, su sake shi a hankali. Yau an cike yawancinsu an yi gini, aka matse ruwa cikin siririn maƙogwaro na siminti, sa'an nan muna mamaki in ya yi amai.

KWARI KWARI NE

Da Jakara ta fita ganuwa ta gangara Fagge, sai mu ji wani suna, Kwarin Gogau. Ba nisa da nan kuma ga babbar kasuwar yadi wadda duk Afirka ta Yamma ta sani, Kantin Kwari. Jama'a, mece ce ma'anar kwari? Ko yaron da ke kiwon awaki ya san kwari shi ne inda ruwa ke taruwa. Manomi ba ya shuka gero a kwari, shinkafa yake sawa, ko rake, don ya san halin wurin. Amma ɗan birni ya ɗauki kalmar nan ya rubuta a kan allon shagonsa da takardun cinikinsa, ya manta abin da take nufi.

A damina ta 2022 ruwa ya tuna masa. An yi ruwa mai ƙarfi, ya shiga Kantin Kwari, ya jiƙa dilolin atamfa da shadda na dukiya mai yawa. Da aka zo bincike, maganar da ta fi fitowa ita ce shagunan da aka gina a kan hanyoyin ruwa da magudanan da shara ta toshe. Ruwa ba ya tsami banza. Ba wanda ya ce a tashi kasuwa, kwari ma ana zama a cikinsa in an bar wa ruwa hanyarsa. Amma wanda ya karɓi fili a wurin da ake kira kwari, ya gina har kan magudana, ya sani ya yi haya ne a gidan ruwa, mai gida kuwa yakan dawo.

A kan wannan yanki ne, daga Jakara zuwa Kwarin Gogau, gwamnatin jiha ta 2011 zuwa 2015 ta fara aikin rufe ƙoramar da shimfiɗa titi a kanta. Aikin ya yi ta tafiya yana tsayawa shekara da shekaru. A takardun hukuma yana da sunansa mai tsawo, amma mutanen gari Wuju-Wuju suke ce da hanyar. Ku da kuke jin Hausa kun san abin da ake nufi in an ce abu ya yi wuju-wuju. Gaba kaɗan kuma, bayan Sabon Gari, akwai wata unguwa a bakin ruwan da ake kira Nomansilan, kalmar Turanci ce da baki ya tauna, ma'anarta ƙasar da ba ta kowa ba. In da za a raɗa wa Jakara duka suna ɗaya a yau, da wannan ne ya fi dacewa da ita. Kowa na zuba mata, kowa na ɗiba, ba wanda ya ce tasa ce.

YADDA LAMBU YA SAMU

Yanzu mu zo kan manoma. Asalin Jakara ƙoramar damina ce, kamar sauran ƙoramun ƙasar Kano. In rani ya yi nisa sai gudunta ya tsaya, a bar tafkuna nan da can. Me ya sa yau take gudu har cikin bazara? Amsar ita ce famfo. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka jawo wa Kano ruwan famfo daga Calawa. Daga baya aka ƙara da na Tamburawa, ga kuma rijiyoyin burtsatse ko'ina cikin unguwanni. Duk ruwan nan da aka yi wanka da wanki da alwala da shi a arewacin gari, ina zai tafi? Kwata ta miƙa wa lambatu, lambatu ya miƙa wa Jakara. Watau girman birni shi ya mai da ƙoramar damina ta zama mai gudu shekara duka.

Manomi kuwa ba ya ganin ruwa na wucewa da rani ya naɗe hannu. Tun daga wajen Nomansilan da Kwakwaci har gaba, gefen ruwan ya cika da fangali: latas, alayyafo, kabeji, karas, albasa, lansir, yakuwa, tumatir. Dā da jigo ake ɗiba, guga guga. Yanzu ɗan injin fetur ya karɓi aikin. Mai fili kaɗan, wanda bai kai rabin eka ba, yakan yanki ganye sau da yawa a shekara, ga kasuwa a bakin ƙofa, ba kuɗin mota mai nisa. Ga kuma wani abu da kowane mai lambu a wurin zai gaya maka: ruwan da takinsa yake zuwa. Haka ne kuwa, gama ruwan gidaje da na mahauta yana ɗauke da irin abincin shuka da muke saye da tsada cikin buhu. Shi ya sa ganyen ke fitowa kore shar.

Amma fa ba taki kaɗai yake ɗauke da shi ba. Ruwan da ya bi ta bayan gida yana tafe da ƙwayoyin amai da gudawa, da na zazzaɓin taifot, da ƙwayayen tsutsar ciki. Mai lambun da ke tsaye a ciki ba takalmi shi ne na farkon kamuwa, sa'an nan wanda ya ci latas ɗanye ba a wanke da kyau ba. Wannan cuta ce, amma mai magani, za mu zo kanta.

GETSI DA MAGAMI

Wadda ta fi wuya ita ce ta Getsi. Wannan ƙorama ta bi ta Bompai, unguwar masana'antu ta farko a Kano, ta kwaso ruwan da suke zubarwa. Jimar zamani ba da bagaruwa ake yin ta ba, da wani gishiri ne mai suna kuromiyam. Akwai kuma dalma da kadmiyam da ke fitowa daga batura da fenti da sauran tarkacen zamani. Malaman jami'o'inmu, musamman na Jami'ar Bayero, sun sha ɗibar ruwa da ƙasa da ganye daga waɗannan lambuna su auna, sun kuwa sha samun waɗannan ƙarafa a ciki.

Ku fahimci bambancin, 'yan'uwana manoma. Ƙwayar cuta rana na kashe ta, wuta na kashe ta, wanki na rage ta. Ƙarfe ba ya mutuwa. Yana kwanta cikin ƙasar fangali shekara bisa shekara, saiwa ta ja wani sashe ta kai ga ganye, kayan ganye kuwa su suka fi ja. Ba ya wari, ba ya ɗaci, ba ya sa ciwon ciki yau balle a gane. A hankali yake taruwa a jiki, kadmiyam ya taɓa ƙoda, dalma ta taɓa ƙwaƙwalwar yara. Ido ba mudu ba ne, a nan kuwa ko kima bai sani ba.

Inda Getsi ta faɗa wa Jakara, masu lambu Magami suke ce da wurin. Ba su karanta ilmin kimiyya ba, amma da kalma ɗaya sun nuna wa hukuma daidai inda ya kamata ta kafa ido: sama da magami ruwa iri ɗaya ne, ƙasa da shi wani iri ne. Daga nan duka suka gangara Wasai, inda aka gama madatsar ruwa a 1976, cikin jerin madatsun da aka tsara tun zamanin Gwamna Audu Bako. An yi ta ne don noman rani da kamun kifi da shayar da dabbobi. Ga shi ta zama tukunyar da ke tara duk abin da birni ya zubar. Masunta na kama kifi a ciki, makiyaya na shayarwa, yara na wanka, likitoci kuma sun daɗe da sanin ƙauyukan bakinta da ciwon tsargiya. Mutumin Minjibir bai jeme fata ko ɗaya ba, amma shi ke shan ruwan jima.

MASU CEWA A RUFE, DA MASU CEWA A KORA

In an kawo wannan magana a majalisa, shawara biyu ake ji. Wasu su ce a rufe Jakara duka da siminti a huta da wari. Wasu su ce a kori masu lambu tun da ruwan ba shi da kyau. Ban yarda da ko ɗaya ba.

Titi abu ne mai amfani, ba mai musun wannan, mutanen cikin birni kuma suna da hakkin su huta da wari da sauro. Amma rufe miki ba ya warkar da shi. Ruwan da ya shiga ƙarƙashin titi baƙi, baƙi zai fito a ɗaya bakin, a gonar wani. Abin da ido ya daina gani kuwa, zuciya takan manta. Ran da leda da yashi suka toshe rufaffiyar hanya, ba gayyar unguwa da za ta iya shiga da shebur, sai ruwa ya nemi ƙofar gidaje.

Korar manoma kuma zalunci ne a kan zalunci. Ba su suka ɓata ruwan ba, a ƙarshen layi suke. In an kore su, iyalai sun rasa abinci, kayan miya sun yi tsada a 'Yankaba da Rimi, masana'anta kuwa ta ci gaba da zubarwa. Filin da suka bari kuma kun san abin da zai faru da shi: kafin shekara ta kewayo an yanka shi fuloti, an yi shaguna a bakin ruwa, an ƙara wa damina abin ci. Lambunan nan su ne ɗan sauran fili da ruwa ke samu ya miƙe ƙafa in ya cika.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, aikinku ne akawuna da masu unguwanni. A bi Jakara da Getsi gaɓa gaɓa, a zauna da dattawa da tsofaffin masu lambu, a rubuta sunan kowane yanki yadda mutanen wurin ke faɗinsa, da na kududdufan da aka cike, da inda ruwa ya saba kaiwa a babbar damina. A sa su a taswira da Hausa, a ajiye kwafi a ofishin tsara birni. Wannan ba aikin nishaɗi ba ne. Kafin a sa hannu a takardar fili, akawu ya duba: in wurin sunansa kwari, ko fadama, ko tafki, ko bakin ruwa, to a fara tambayar ina ruwa zai bi. Dattawan da suka san sunayen nan suna ƙarewa, in sun tafi sun tafi da taswirar.

Na biyu, kowace gaɓa mai suna ta sami mai ita. Muna da sarkin noma, muna da sarkin kasuwa, muna da sarkin fawa. Me zai hana masu lambun kowane yanki su haɗa ƙungiya su tsai da shugaba, wanda hukuma ta san shi, wanda zai kira gayyar yashe hanya kafin ruwan fari, wanda kuma in ruwa ya sake launi ko kifi ya taso matacce zai san ofishin da zai kai ƙara? Manomi ɗaya in ya je ƙofar masana'anta, maigadi ne zai sallame shi. Ƙungiyar mutum ɗari biyu da takarda a hannu, sai an ba ta kujera. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, a tare ɓarna daga tushe. Doka tana nan wadda ta wajabta wa masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi, akwai kuma hukumar Gwamnatin Tarayya mai suna NESREA da aka kafa a 2007 don tsare irin waɗannan dokoki, ga ma'aikatar muhalli ta jiha. Abin da ya rage shi ne aiki da su. A riƙa auna ruwa a bakin kowace masana'anta da kuma a Magami, a kan lokaci, a kuma faɗa wa manoma sakamakon da harshen da suke ji. Wanda ya ci ribar fata shi ya kamata ya biya kuɗin wanke ruwanta.

Na huɗu, ku masu lambu, akwai abin da ke hannunku tun yau, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarwari irin waɗannan a 2006. Ku haƙa ɗan rami a gefen fangali, ruwa ya kwana a ciki, laka ta kwanta, sa'an nan ku ja na sama. Ku bi da ruwa ta ƙasa, cikin kwari tsakanin kunya, kada ku watsa shi a kan ganye. Ku tsai da ban ruwan ƙorama 'yan kwanaki kafin yanka, rana ta yi aikinta. Kada ku wanke abin da kuka yanka a cikin ƙoramar, wannan shi ke ɓata duk wahalar da aka yi. Ku sa takalmin roba. Waɗannan duka maganin ƙwayar cuta ne. Wanda kuwa filinsa ke shan ruwan Getsi tsantsa, ya nemi malamin gona a auna masa ƙasa. In an sami ƙarfe da yawa, gara ya bar kayan ganye ya koma renon dashen itatuwa da furanni, waɗanda birni ke saye kuma ba a ci. In zai haƙa rijiya, a auna ruwanta ita ma, gama rijiyar bakin rafi 'yar rafi ce.

Na biyar, ku 'yan kasuwa, masu sarin kayan gwari da masu rumfa. Ku tanadi ruwa mai tsabta na yayyafi da wanki, kada ku ɗebo na kwata don ganye ya yi sheƙi. Ku kuma sa bakinku cikin maganar, gama ku kuka fi kusa da masu mulki. Ku tuna, ran da "kayan Jakara" ya zama zagi a bakin masu saye, ba manomi kaɗai zai yi kuka ba. Ku masu shaguna a kwari kuwa, kuɗin yashe magudana kowace shekara bai kai kuɗin dila ɗaya da ta jiƙe ba. Rigakafi ya fi magani.

Wannan magana ba ta Kano kaɗai ba ce. Kowane gari namu yana da ƙoramarsa da ta ratsa shi, da fadamarsa, da sunayen da tsofaffi suka bari a kansu. Mai karatu ya tambayi na garinsu tun masu sani na da rai. Mutanen dā sun bar mana Kurmi, da Bakin Ruwa, da Mabuga, sunayen itace da ruwa da sana'a. Mu kuma zamaninmu ya ƙara Wuju-Wuju. Jama'a ba sa raɗa suna don su faranta wa kowa rai, abin da suka gani shi suke faɗi. In mun gyara ruwan nan, su da kansu za su nemo masa sunan da ya fi wannan.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da ambaliya. Sai mako mai zuwa.